Laifi Ɗaya, Matakala Ɗaya

Duk faɗin makarantar nan babu wanda bai san Sauro ba. Daga shugabar makaranta har maigadi, kowa yana da tabon cizonta. Yarinya ce 'yar shekara goma sha shida, siririya, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya, ga murya mai shiga har cikin ɗan kunne, shi ya sa sunan ya bi ta har ita ma ta koma amsawa. Ita ce ta taɓa naɗe harshen ƙararrawa da tsumma, masinja ya yi ta kaɗawa yana zufa babu ƙara, yara suka sha hutun awa guda cur. Ita ce kuma ta goga alli a kujerar malamin tarihi, bawan Allah ya wuni yana yawo da farar taswira a bayan wandonsa, yana mamakin yadda yau kowa ke yi masa fara'a.

Abin haushi shi ne, makaranta cike da masu digiri amma babu wanda ya taɓa tunanin duba ranakun. Tsiyar Sauro ba kullum take tashi ba. Litinin da Laraba da Juma'a lafiya lau take, har ta kan ɗaga hannu ta ba da amsa. Amma Talata da Alhamis, da zarar ƙarfe goma ta kusa, sai wani abu ya faru. Kafin 'yan ajinsu su jeru su hau bene zuwa ɗakin gwaje-gwaje, an riga an tasa ƙeyarta zuwa wurin malamin horo, wanda yara ke kira Malam Tsumagiya idan ba ya kusa. Shi kuma hukuncinsa ɗaya ne, ya miƙa mata lauje ya nuna mata bayan azuzuwa. Sai ta ɓata rai, ta ja ƙafa, ta yi ta ƙunƙuni don ya ji daɗi. Tana shan kwana kuwa sai ta saki ajiyar zuciya. Ga ƙasa a ƙarƙashinta, ga sama a buɗe, babu abin da take so ya wuce haka.

Maganar gaskiya ita ce Sauro ba ta iya hawa bene, kuma shekara uku ke nan.

Makarantar da take a da, bene ce hawa biyu, ajinsu yana sama. Wata safiya ginin ya durƙushe da su a ciki. Ta yi awa bakwai a ƙarƙashin ɓaraguzai, baki cike da ƙura, hannunta riƙe da na ƙawarta Kumatu, wadda suke zama benci ɗaya tun suna ƙanana. Masu ceto sun zaro Sauro da karayar haƙarƙari biyu. Kumatu kuwa a lulluɓe aka fito da ita. Daga baya aka rarraba waɗanda suka tsira zuwa wasu makarantu, haƙarƙari ya ɗinke, mutane suka yi jaje suka koma harkokinsu. Amma har yau idan Sauro ta tsaya a gindin matakala sai ta ji ƙurar nan ta dawo mata maƙogwaro. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

A gida babu wanda ya sani, kuma da gangan ta yi hakan. Shekarar farko Mama ta rame ta lalace saboda ita, ta daina karɓar ɗinki, kullum tana zaune a bakin gado tana kallonta tana hawaye. Ranar da aka fara kawo ƙarar Sauro daga sabuwar makaranta, wai ta sa wa wata malama ƙadangare a jaka, Mama ta yi faɗa sama-sama, sannan ta shige ɗakin ɗinki. Sauro ta leƙa ta tarar da ita tana dariya har da riƙe ciki. Daga ranar keken ɗinki ya ci gaba da ƙara.

"Ai 'yata ta warke," Mama kan gaya wa masu kawo ɗinki. "Ba ku ga yadda ta addabi malamai ba? Wanda ke da damuwa a rai ina ya ga bakin tsokana?"

Baba kuma in ya dawo daga tuƙi sai ya ce, "Zuciyata ta ɗauko. Mu ba ma ajiye abu a rai." Yana faɗa yana dafa kanta, ita kuma tana washe baki. Ta fi son a ce mata mara kunya sau dubu da ta sake ganin Mama a bakin gadon nan.

Shekara biyu dabarar tana ci, domin azuzuwan duka a ƙasa suke, ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai a sama. Darasin da ta rasa kuma sai ta kwafa a littafin wata, ta haddace shi tas, don kanta yana ja. To amma sai ga shekarar ƙarshe ta zo. Wata Litinin malamar kimiyya ta tsaya gaban allo ta ce saura mako uku jarrabawar gwaji, a ɗakin gwaje-gwaje za a yi, kuma duk wanda bai shiga ba ya faɗi darasin gaba ɗaya, sai dai wata shekarar. Sauro, wadda ke son karatun haɗa magunguna tun ba ta san yadda ake rubuta sunansa ba, ta san an rutsa ta. Wannan karon babu ƙadangaren da zai cece ta.

Duk da haka washegari Talata ta yi abin da ta saba. Ta ɗaure igiyar takalman yara biyu da ke gabanta wuri ɗaya, suka tashi gaida malama suka zube tare. Aka kai ta wurin Malam Tsumagiya, ta miƙa hannu tana jiran lauje.

Malam Tsumagiya dogo ne, baƙi, mai furfura a gefen kunne, wanda rabonsa da dariya a makarantar nan tun kafin a haifi rabin ɗaliban. Ya dube ta ta saman tabarau, ya dubi laujen da ke jingine, bai ɗauka ba.

"Wace ciyawa kuma?" ya ce. "Kin aske makarantar nan tas. Jiya maigadi ya zo yana kuka, akuyarsa ba ta samun abin ci saboda ke."

"Akwai saura a bayan banɗaki, Malam."

"Na lura daɗin aikin kike ji. Hukuncin da mai laifi ke jin daɗinsa ai ba hukunci ba ne." Ya nuna kusurwa da baki. "Ɗauki bokiti da tsumma. Barandar sama za ki goge, daga wannan bango zuwa wancan."

Rana dubu ta ɓarawo. Amma bakin Sauro bai mutu ba.

"Malam, bayana yana ciwo."

"Da kike sunkuyawa da lauje ba ya ciwo?"

"To ka yi mini bulala. Goma. Ko ashirin ma."

"Ba ciniki muke yi ba."

"Zan wanke banɗakin maza, Malam. Duka shidan. Har mako guda."

Nan Malam Tsumagiya ya cire tabarau. Shekara talatin yana wannan aiki, bai taɓa ganin ɗalibin da ya roƙi banɗakin maza da bakinsa ba. Sai dai tunaninsa na malamin horo ne, wuri ɗaya yake zuwa: lallai ta ɓoye wani abu a saman nan da ba ta so a gani. Ya miƙe ya ce ta wuce gaba, da kansa zai raka ta.

Matakalar ashirin da biyu ce. Sauro ta san adadin domin ta sha ƙirga su daga nesa. Ta tsaya a gindi da bokiti a hannu, ga Malam a bayanta kamar bango. Ta taka ta farko. Ta taka ta biyu, tana gaya wa kanta siminti ne kawai, jiya ma mutum ɗari sun hau sun sauka. Ta uku. Tana ɗora ƙafa a ta huɗu, 'yan ajinsu da ke sama suka ja kujeru a lokaci ɗaya, rufin ya ɗauki rugugi.

Bokitin ya suɓuce, ruwa ya wanke wa Malam takalma da ƙafar wando. Ya buɗe baki zai yi tsawa, sai ya ga yarinyar ta durƙushe a kan matakala, ta cusa kai tsakanin gwiwoyi, numfashinta yana fita guntu-guntu kamar ana shaƙe ta. Hannunta ya lalubo ya damƙi wuyan hannunsa da ƙarfin da bai yi zaton tana da shi ba.

"Kumatu, ki yi magana," take cewa. "Kar ki yi barci. Suna zuwa. Don Allah ki yi magana."

Sai a lokacin ya tuna da takardar da ta zo da ita shekara uku da suka wuce, da sunan makarantar da ke rubuce a sama. Ya karanta a lokacin, ya ce Allah ya kyauta, ya sa a cikin fayil. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi. Yana so ya yi wani abu, amma mutumin da bai taɓa rarrashin ko 'ya'yan cikinsa ba, ina zai fara? Abu ɗaya ya iya a duniya, shi ne tuhuma. Don haka ya tsuguna a cikin ruwan nan, ya ɗaure fuska, ya yi abin da ya iya.

"Ke! Dube ni nan. Wa ya zuba gishiri a butar shayin malamai?"

Haki kawai take yi.

"Da ke nake. Watan jiya. Wa ya zuba?"

"Ni... ni ce, Malam."

"Cokali nawa?"

"Shida."

"Ƙarya kike. Na sha shayin nan."

"Tara." Ta ja numfashi mai ɗan tsawo. "Na goma ya zube a ƙasa."

"Wa ya tsare miki ƙofa?"

"Ba na tona asirin mutane, Malam."

Tana faɗar haka ta ji iska ta shiga ƙirjinta sosai. Ta ɗago ta ga matakala tana nan, bango yana nan, ga kuma Malam Tsumagiya tsugune da jiƙaƙƙen wando, farcenta ya yi masa shaida a hannu. Ta saki hannun da sauri. Da ƙasa za ta tsage da ta shige.

Suka sauko suka zauna a kan dakalin da ke gindin bene. Ya tambaya, ta faɗa masa a gajarce, tana kallon yatsun ƙafarta. Ya ce zai nemi a sauko mata da jarrabawar ƙasa, sannan shi da kansa ya tuna famfunan ruwa da bututun gas duk a jikin teburan sama suke, ba sa ɗaukuwa. Ya ce to zai kira mahaifiyarta, wannan abu ne na likita, ba na lauje ba.

"Malam, ka kore ni daga makarantar ya fi mini," ta ce. "In Mama ta ji, komawa za ta yi yadda take a da. Ka bari a gama jarrabawa. Ni zan gaya mata da bakina."

Ya daɗe yana matse ƙafar wandonsa kafin ya amsa.

"Na ba ki zuwa ranar. Kika wuce, ni zan je gidan. Amma hukuncinki yana nan, ba a yafe ba. Kullum in an tashi, za ki zo nan ki share matakala ɗaya sabuwa. Ɗaya tak. Kuma a kan kowace za ki faɗa mini laifi ɗaya da kika yi ban kama ki ba."

"In na faɗa za ka hukunta ni?"

"Sai kin kai sama tukuna. A can zan haɗa miki duka."

Haka aka fara. Kullum bayan an watse, sai ga Sauro da tsintsiya, Malam yana tsaye hawa ɗaya a gabanta da hannu a baya. A ta biyar ya ji wanda ya sace iskar tayar babur ɗinsa sau uku, alhali ya yi ta zagin mai faci. A ta bakwai ya ji yadda akuyar maigadi ta kwana a ofishin mataimakin shugaba ta cinye jadawalin darussa. A ta tara ta amsa cewa ita ce ta rubuta wa malamar girki wasiƙar soyayya da sunan malamin lissafi.

"Kin san an sa musu rana?" Malam ya ce.

"Ka ga ke nan ba laifi ba ne, Malam. Lada ne."

Ya juya ya yi tari mai tsawo yana kallon bango, kafaɗunsa suna rawa.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Wata rana aka yi tsawa tana kan ta goma sha ɗaya, ta sauko a guje har ta gurje gwiwa, washegari ma ta kasa wuce ta shida. Wata rana kuma ta yi amai a bokitin shara. Malam bai taɓa ce mata sannu ba, bai kuma taɓa ce mata yi sauri ba. Tsayawa kawai yake ya jira, sannan ya ce, "Ina ji. Sai wane kuma?" Ranar jajiberin jarrabawa a ta goma sha biyar suka tsaya. Saura bakwai, kwanaki kuma sun ƙare.

Da safe 'yan aji suka hau da fararen rigunansu na gwaji, suna surutu, suna tsallake matakala bibbiyu kamar ba komai ba. Malam Tsumagiya ya kori masu leƙe da kallo ɗaya. Mai kula da jarrabawa ya leƙo daga sama ya ce saura minti goma ya rufe ƙofa.

Goma sha biyar ɗin farko ta hau su da addu'a da riƙon ƙarfen gefe. Daga nan aka koma ciniki. Ta sha shida: ita ta mayar da agogon ofis gaba da minti ashirin. Ta sha bakwai: ita ta tsaga tsumagiyarsa da reza, shi ya sa ta karye a bugun farko a gaban taro. Ta sha takwas: ita ke kukan kyanwa a lokacin jawabin shugaba. Ta sha tara, ta ashirin, ta ashirin da ɗaya, tana tono har ƙananan da ba su kai a faɗa ba, rigarta ta jiƙe sharkaf. Daga inda take tana hango ƙofar a buɗe da dogayen tebura.

"Saura ɗaya," Malam ya ce.

"Sun ƙare, Malam."

"Ke? Ban yarda ba."

"Wallahi sun ƙare."

"To ƙirƙiro. Yau na halatta miki ƙarya."

Ta buɗe baki don ta yi ƙaryar, abin da ba ta taɓa nema ta rasa ba. Amma abin da ya fito daban ne, kuma da wata ƙaramar murya ya fito, wadda Malam bai san tana da ita ba.

"Ni na ɓoye mata takalmi."

Malam ya juyo ya fuskance ta.

"Kumatu. Ranar da ginin ya rushe. An kaɗa ƙararrawar hutu, kowa yana sauka. Ita kullum ita ce ta farko a sauka, saboda ba ta wasa da cikinta. Sai na ɓoye ƙafa ɗaya a bayan allo. Tana ta nema tana cewa Sauro ki bari, yunwa nake ji, ni kuma ina zaune a kan benci ina dariya." Ta ƙara damƙe ƙarfen gefe. "Waɗanda suka sauka da wuri duk suna nan da ransu, Malam. Da ban ɓoye ba da tana ƙasa. Awa bakwai ina riƙe da hannunta, ban ce mata ta yafe mini ba. Tsoro nake ji kar ta tuna."

Hawaye suka zubo, ba ta share ba. Shekara uku ke nan maganar tana cikinta, ko a addu'a ba ta taɓa furta ta da ƙarfi ba. Ta tsaya tana jiran hukunci, kuma har cikin ranta tana so a yanke mata shi.

Malam Tsumagiya ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Shekara talatin ina wannan aikin," ya ce. "Na san hukuncin ɓoye takalmi. Sharar aji ce, kwana ɗaya. Na yanke wa yara fiye da ɗari, kuma duk sun koma gida sun ci abinci. Abin da kika yi ke nan, kuma iyakarsa ke nan. Sauran kuwa, waɗanda suka gina benen can da yashi su za su amsa, ba yarinya 'yar shekara goma sha uku ba." Ya mayar da tabarau. "Kin yi shekara uku kina biyan sharar kwana ɗaya. Ya isa haka, 'yata. Tako."

Ba ta yarda da shi duka ba, abin ba ya fita a rana ɗaya. Amma ta ɗaga ƙafa ta taka, barandar ta karɓe ta, ba ta motsa ba. Mai kula da jarrabawa yana riƙe da ƙofa yana duban agogo. Ta share fuska da hannun riga, ta yi taku uku, sannan ta waiwayo ta kalli matakalar da ta miƙe har ƙasa.

"Malam, kar ka tafi. Ban san yadda zan sauka ba, kuma laifukana sun ƙare."

Ya jawo wata kujera daga baranda, ya ajiye a bakin matakala, ya zauna ya harɗe ƙafa.

"Shiga ki yi abin da ya kawo ki," ya ce. "In za mu sauka, ni zan faɗi nawa. Ashirin da biyu ba za su gagare ni ba."